Launukan hotunan sama: na gaske ne ko kwamfuta ce ta shafa?

Malamin Kuseri:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da yara a nan Kuseri. Na nuna musu hotuna biyu a waya: na gajimaren taurari da na'urar hangen nesa ta James Webb ta ɗauka, mai launin zinariya da shuɗi, sai na Tafkin Chadi daga tauraron ɗan adam. Wata yarinya 'yar Bulangwa ta ce, "Malam, ai tafkinmu ba ja ba ne." Kuma gaskiyarta, gefen tafkin duk ja wur ya fito. Ba na son in koya wa yara abin da ban tabbatar ba. Launukan nan na gaske ne?

Injiniya a Garwa:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, tana da ido. Hoton ba ƙarya ba ne, amma launin mutane ne suka zaɓa.

Akwai hasken da ke gaba da ja a jerin launukan bakan gizo, infared, wanda idonmu ba ya gani sam. Ganye mai rai yana mayar da shi da ƙarfi, ruwa kuwa shanye shi yake yi. Taurarin ɗan adam na Landsat, da aka harba na farkonsu a 1972, suna auna wannan haske. To ta yaya za a nuna wa mutum abin da ba ya gani? Sai a ba shi launin ja. Shi ya sa ciyayi ke fitowa ja, ruwa ya fito baƙi ko shuɗi mai duhu, rairayi kuma fari-fari.

Webb ma haka. An harba ta ranar 25 ga Disamba 2021, tana nesa da mu da kusan kilomita miliyan 1.5, kuma kusan duk aikinta da infared ne. Kyamararta fari da baƙi take ɗauka, ta matatan haske daban-daban. Daga baya a sa wa haske mai gajeren zango (wanda ya fi kusa da abin da ido ke gani) shuɗi, mai dogon zango kuma ja, a haɗa su. Da ƙa'ida ake yi, ba son rai ba.

Ga abin da za ka gwada a aji, ni da shi na shawo kan 'ya'yana. Ɗauko rimot ɗin talabijin, ka saita bakinsa ga kyamarar waya, ka danna. Ido bai ga komai ba, amma a allon wayar za ka ga ɗigon haske yana ƙyaftawa. Idan kyamarar baya ta ƙi, gwada ta gaba.

Hajiya daga Njamena:
Injiniya ya gama magana. Ni dai abin da ke damuna shi ne yadda ake yawo da hotunan tafkin a Facebook ba bayani. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa, wannan ba gardama. Amma wanda bai san karatun hoton ba sai ya ɗauka duk jan nan busasshiyar ƙasa ce. Alhali wuri da yawa ruwa ne kwance ƙarƙashin ciyayi, masunta na ratsa shi da kwalekwale. Malam, ka bar yarinyar ta nuna wa 'yan ajin inda garinsu yake a hoton, ta fi mu sanin wurin.

Ɗan Marwa:
Baba Malam, ka haɗa musu da abin da za su gani da idonsu. Daren da babu wata kuma hazo bai sauko ba, wajen Nuwamba, a fita bayan gari a dubi arewa. Gungun taurarin Andromeda yana bayyana, ɗan tabo fari dishi-dishi, babu launi ko kaɗan. Hasken nan shekara kusan miliyan 2.5 ya yi a hanya.

Malamin Kuseri:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Gobe da rimot zan shiga aji. Injiniya, a ina zan samu hoton tafkin na 1973 da na bana, masu launi iri ɗaya, in jera musu?