Kurajen fuska da son zama manken

Ƙanwarmu ta tambaya a zaure jiya kan maganin kurajen fuska da kuma son da take yi ta zama manken, wato mai sa tufafi don tallarsu, ga abin da aka ce mata. Kurajen nan, ki sayi maganin shafawa mai suna benzoyl peroxide na kashi 2.5 ko 5 a farmasi, ki shafa ɗan kaɗan da dare don yana busar da fata kuma yana cinye launin ɗankwali, ki yi haƙuri sati 6 zuwa 8, kar ki matsa su. Man bilicin na babbar kasuwar Maradi kam wallahi ƙara su yake yi, ki rabu da shi. In sun yi ƙwari sai lokotoro.

Batun manken kuma, duk wanda ya ce biya kuɗi tukuna ko aiko hoton tsiraici ta WhatsApp, toshe shi. Wurin ɗaukar hoto ki tafi da yayanki, iyaye su sani.