Muna haɗa shafin tsofaffin hotunan Kaduna, a ba mu shawara

Abba, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni da abokina muna haɗa ɗan shafi na sha'awa kawai, tsofaffin hotunan Kaduna da bayani a ƙarƙashin kowanne, irin su Lugard Hall da Arewa House. HTML da CSS ne, sai ɗan JavaScript. Matsala biyu gare mu. Shi da tab yake tura layi ciki, ni da tazara, duk wanda ya taɓa fayil sai Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, ya nuna kamar an sake rubuta komai. Sannan ɗ da ƙ ba sa fitowa daidai a wasu wayoyin.

Malam Yusuf, Kawo: Wa alaikumus salam. Abba, gardamar nan ta girme ku, ku bar wa na'ura ita. Ku saka Prettier, manhajar da ke tsara fasalin kod da kanta, tun 2017 ake amfani da shi. In ba ku canza masa komai ba, tazara 2 yake sawa, kuma yana ƙoƙarin kada layi ya wuce haruffa 80. A VS Code ku kunna masa gyara fayil duk sanda aka adana. Amma ranar farko ku gyara fayilolin gaba ɗaya, ku tura wannan gyaran shi kaɗai a Git, kada ku gauraya shi da sabon aiki. In ba haka ba, gobe ba wanda zai gane abin da ya canza.

Sadiq, Barnawa: Malam, a yi min afuwa, ni ɗan tab ne. Kowa na iya saita faɗinsa yadda idonsa ke so, kuma Prettier ɗin ma yana karɓa in an gaya masa. Harshen kod na Go ma tab yake amfani da shi.

Malam Yusuf: Python kuma ƙa'idar tsara kod ɗinsa, PEP 8, ta ce tazara 4. Kowane gida da al'adarsa, Sadiq. Su dai su zaɓi ɗaya, su rubuta a fayil ɗin .editorconfig, inda ake ajiye irin wannan saiti, a wuce wurin.

Maryam, Unguwar Rimi: Yaya Abba, maganar haruffa masu ƙugiya kala biyu ce, ka duba wacce ce taka. In ɗ ta koma É— ko ƙ ta koma Æ™, burauza ce ba ta san da UTF-8 aka rubuta ba; ka sa meta charset utf-8 a saman head, ka kuma sa lang="ha". In kuma ɗan akwati kake gani, ko harafin ya fito da siffa dabam da ta sauran, to salon haruffan da ka zaɓa ne ba shi da su. Noto Sans yana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, haka Andika na SIL. Ka gwada da manyansu ma, Ɓ da Ɗ da Ƙ, domin a kanun rubutu ne abin ya fi tona asiri.

Abba: Akwatin ne wallahi. Na gode ƙanwata.

Hajiya Bilkisu, Malali: Ku yara kuna ta tab da tazara, wanda zai buɗe shafin ina ruwansa? Yana cikin keke da ragowar data zai buɗe. Ku rage girman hotunan, ku mayar da su WebP, tsarin hoto mara nauyi, ku sa loading="lazy" don kada su sauka gaba ɗaya. Kuma don Allah ban da rubutu ruwan toka a kan fari. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin hasken ya kai 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum. Ku fita rana da tsakar azahar da ƙaramar waya, in bai karantu ba ku sake launi.

Sadiq: Gaskiyar Hajiya ce. Ƙari ɗaya: in a GitHub Pages za ku ɗora, kyauta ne, amma yana bambanta babban harafi da ƙarami. Hoto.JPG dabam, hoto.jpg dabam, ko da a Windows ɗinku komai na aiki. Sunan fayil duk ƙananan haruffa, ba tazara, ba ƙugiya: gidan-gwamna.webp.

Abba: To sunayen da ke cikin kod fa, Hausa ko Turanci?

Malam Yusuf: Tunda ku biyu ne, sunan Hausa irin jerinHotuna ba laifi ba ne. Kada dai layi ɗaya Hausa, na gaba Turanci. In kun gama da Prettier ka turo min, zan duba bayan isha'i in akwai wuta.