Gyaɗar bana ta ƙi ba da mai, ƙuli-ƙulin kuma yana ɗaci

Assalamu alaikum. Ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Talata Mafara, kuma mako uku ke nan aikin ya tsaya mini cik. Na sayi buhu biyu na ɓararriyar gyaɗar bana jim kaɗan bayan an cire ta, na soya da yashi yadda na saba, na murje ɓawon, na sheƙe, sannan na kai inji aka markaɗa. Da na zuba a turmi ina tuƙawa da muciya ina yayyafa ruwan zafi, sai markaɗen ya yi danƙo ya manne a jikin turmin, man da ya taso kuwa bai kai rabin wanda nake samu a tiya 10 ba.

Na zaci ɗanyanta ce, don haka na shanya ragowar kwana huɗu a rana, na ƙara mata wuta wajen suya, na kuma sauya injin markaɗe. Man ya ɗan ƙaru, amma tunkuzar ta yi duhu, ƙuli-ƙulin yana barin ɗaci a maƙogwaro. Da na fasa wasu ƙwayoyi sai na ga cikinsu ya yi baƙi-baƙi da alamar funfuna, abin da ya sa na daina sayarwa, ban kuma yarda in ba tumakina tunkuzar ba, domin gubar funfunar gyaɗa tana illa ga hanta, suya kuma ba ta kashe ta.

Shin idan na tsince ƙwayoyin da suka lalace ɗaya bayan ɗaya, ragowar za ta yi amfani ga mutum ko dabba?