Me za mu kira "asurans" ta lafiya da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kalma ɗaya nake nema, ku taimaka. Makon jiya na raka matar ƙanena awo a nan Garwa, ma'aikaciyar ta ba ta shawarar ta sayi shek, takardar nan ta mata masu ciki da aka fara a Arewacin Kamaru tun 2015. Jaka shida na sefa ake biya, ta ɗauke awo da hoton ciki da haihuwa, har tiyata in ta kama, da kulawar kwana 42 bayan haihuwa. Da muka koma gida na ce wa Inna ai wata irin asurans ce. Nan take ta ɓata rai: "Irin takardar babur ɗin nan da ake biya don 'yan sanda? Allah Ya kiyaye." Kalmar ce ta kore ta, ba kuɗin ba. Ga kuma CSU, shirin kula da lafiya ga kowa da kowa da gwamnatin Kamaru ta ƙaddamar a Afrilun 2023, wanda ya haɗa da duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Yawancin masu kushe shi a majalisarmu ban ga an taɓa yi musu bayani da harshensu ba.

Wani daga Marwa: Malam, ka ce inshora mana, haka gidajen rediyon Hausa ke faɗa.

Na gode Alhaji, amma tsohuwar da ba ta sauraren labaran Najeriya sai an sake fassara mata inshorar.

Wata ungozoma: Mu adashin lafiya muke ce wa matan, suna ganewa.

Hajiya, wannan ta fi kusa da zuciyar mutane, na yarda. Sai dai a adashi kowa na jiran ranar ɗaukarsa, abin da ka zuba shi za ka kwasa. Nan kuwa wadda ta haihu lafiya ƙalau ba za ta samu canji ba, kuɗinta ya tafi wajen wadda aka yi wa tiyata. In muka ce adashi, gobe miji zai zo neman ragowarsa, in bai samu ba ya ce an cuce shi, ya hana maƙwabta shiga.

Wani malami: A kiyaye, wasu na ganin asurans kamar caca. A zaɓi sunan da zai nuna taimakon juna ne.

Allah Ya gafarta Malam, a nan hankalina ya tsaya: taimakekeniyar lafiya. Kanawa ma da ita suke kiran shirinsu. Kalmar ta faɗi gaskiyar abin, kai ka zuba kaɗan, gwamnati ta ƙara, wanda lalura ta samu ya amfana. Ba ta yi alkawarin komai kyauta ba, wanda shi ke jawo faɗa a bakin tagar karɓar magani. Takardar mata masu ciki kuwa a bar musu shek ɗinsu, bakinsu ya riga ya saba.

Yau da safe na gwada wa Inna ita. Ta yi shiru, can ta ce, "Kamar gudummawar biki ke nan?" Na ce kusan haka, Inna. Ta kwance bakin zane ta ƙirgo jaka biyu, ta ce in cika sauran.