Shirya labarin Dungeons & Dragons na littafi kafin a zauna wasa

Jiya mun sha hira da masu jagorantar wasan, wato wasan da mutum ɗaya ke ba da labari sauran 'yan wasa kuma suna taka rawar jaruman cikinsa, ga abin da na tsinta. Kowa dai ya yarda ka fara karanta littafin duka, ko sama-sama ne, don ka san waye mugun da abin da yake nema, amma shiri na sosai a kan babin zama na gaba kawai za ka yi, saboda 'yan wasa ba su da tabbas, ka shirya musu kogo su ce kasuwa za su.

An fi daɗewa kan maganar faɗa. Misali, littafin Lost Mine of Phandelver na 2014 na jarumai ne daga matakin ƙarfi na 1 zuwa na 5, kuma kwanton ɓaunar goblin (wasu ƙananan dodanni) huɗu da ke farkonsa yana iya kashe sabbin jarumai tun ba a je ko'ina ba, to in mutanenka uku ne rage goblin ɗaya, wallahi ba laifi.

Wani ya ce a daina karanto dogon bayanin littafin, barci yake sawa, faɗi da bakinka. Sunayen mutanen gari kuma rubuta su a 'yar takarda, ni nan nake rikicewa kullum.