Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi: to wane ne mai ita?

Malamin Adabi, Gusau:
Assalamu alaikum. Jiya muka yi ka-ce-na-ce da wani abokin aikina a ɗakin malamai. Na shiga aji zan koyar da kari (ma'aunin da waƙa ke tafiya a kai) da amsa-amo (sautin da ake maimaitawa a ƙarshen baiti), sai na ajiye alli na rera wa yara baitocin, suna buga tebur suna bi. Da na fito ya tare ni, wai na mai da aji gidan biki. Ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, tunda ba ni na rubuta ba, in kwafe a allo in yi bayani ya isa. Abin ya tsaya mini a rai. A nan ne muhallin karin maganar nan?

Dattijon Anka:
Wa alaikumus salam Malam. Ya ɗauko ta ya aza inda ba wurinta ba. Ana faɗinta ne in mai abu yana zaune wani ya tashi zai ba da labarinsa, sai a ce a bari mu ji daga bakinsa. Ko gaban alƙali ana faɗi, kuma babu kalangu a can.

Malama daga Birnin Kebbi:
Baba, da girmanka, ni ina ganin da gangan aka ce baki, ba a ce hannu ko takarda ba. Bokonmu ba ya nuna dogon wasali. Ka rubuta gari a allo, yaro bai san na tuwo ne ko na zama ba sai ka furta. To yaya zai rarrabe gaɓar kalma mai nauyi, wadda ake ja, da marar nauyi da ido? Ajami ya fi mu a nan, yana ja da alif da wawu da ya. Duk da haka waƙoƙin wa'azin da aka yi a Gwandu da Sakkwato bayan jihadin 1804 rera su ake yi. 'Yan tarun Nana Asma'u, wato matan da ke yaɗa karatunta, da ka suke ɗauke da su zuwa ƙauyuka.

Jikar Inna, Talatar Mafara:
Kun tuna min da kakata, Allah shi jiƙanta. Tana da wata waƙar niƙa da kowa ya san ta da ita a unguwa. Da asuba in ta durƙusa bisa dutsi, takan ja murya daidai da tafiyar ɗan dutsi, in ta tura ta ja kalma, in ta dawo ta sauke. Kowane ɗango, wato layin waƙa, da "na" yake ƙarewa, tana tsawaita shi har sai numfashi ya ƙare. Ina ƙarama ban san mi take hwaɗi ba, amma in na ji ta daga cikin ɗaki sai ƙwalla ta cika min ido. Sai da na girma anka gaya min ɗanta na fari da ya rasu take wa.
To akwai abokiyar zamanta da ta hardace waƙar tsaf. Ranar wani suna mata sunka taru ana lugude, turmi ukku, sai ta ɗauko ta ta ɗora bisa sautin taɓare. Ba ta sauya kalma ko guda ba, sai dai ta guntule duk inda Inna ke ja, don ta yi daidai da bugun. Mata sunka kama guɗa, har da masu rausayawa. Inna tana bakin murhu, ta aje muciya ta shige ɗaki, ranar ba ta ci abinci ba. Da anka matsa mata da dare, wannan karin maganar kaɗai ta hwaɗi. Tun daga ranar ban sake jin ta yi waƙar ba, ko da asuba.

Malamin Adabi, Gusau:
Allah ya gafarta wa Inna. Yaya, in kin yarda zan ba ɗalibaina wannan labarin. Kalma ɗaya, amo biyu, ɗaya ya sa kuka ɗaya ya sa rawa. Abin da nake ta faman nuna musu ke nan.

Ɗan Kasuwar Jega:
Amma Malam, labarin nan abokin naka ya mara wa baya fa. Wadda ba mai ita ba ta ɗauka, ta ɓata.

Malama daga Birnin Kebbi:
A'a ƙanena, kari ta sauya, shi ya ɓata. Da ta bi yadda Inna ke ja da saukewa, da matan nan sun yi tsit.

Direban Ƙauran Namoda:
Ku zo tasha lokacin zaɓe ku ga waƙar da ba ta da mai ita. Kiɗa guda, amshi guda, a cire sunan wancan a cusa na wannan, ko gaɓa ta yi yawa a haɗiye ta. Bara ana zagin ɗan siyasa da ita, bana ana yabonsa da ita.

Ɗan Kasuwar Jega:
Ai su 'yan siyasa tasu karin maganar daban ce, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Akwai wanda ya sauya rawa sau uku, hanyar garinmu tana nan yadda ya same ta.

Dattijon Anka:
Ku bar su da halinsu. Ni tambayata ga 'yata ta Mafara: bayan rasuwar Inna, akwai wanda ya riƙe waƙar a gidan?

Jikar Inna, Talatar Mafara:
Baba, muryar tana kunnena, kalmomin sun tafi sai 'yan kaɗan. Dutsin ma yana bayan rumbu tun da injin niƙa ya shigo unguwa. Zan tambayi gwaggona in na je gida da salla.

Direban Ƙauran Namoda:
Yaya, in kin tashi tafiya ki yi magana, motar Mafara nake ja yanzu.