Neman shawara: gem ya cinye mana autanmu, ga JAMB ta matso

Yayar Auta (Mabera):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ya ɗaure. Autanmu ne, shekararsa 17, yana ajin ƙarshe na sakandare. Tun rasuwar Baba ni ke riƙe da karatunsa. Bara na yi adashi wata biyar na saya masa waya don gwajin tambayoyin JAMB. Sau biyu muka je kasuwa, ta farko gilashinta da tabo, muka mayar, mai shago ya ce sai da ciko, kawunmu ya cika, kuma tun ranar kawu ke cewa ni na ɓata yaro. Yanzu gem ya shiga ransa. Ana kiran asuba yana kan waya, ya yi salla ya kwanta, makaranta sai ƙarfe tara. Islamiyya ya daina. Hajiya ta aike shi sai ya ce bari a gama wannan. Kuɗin littafi na ba shi, littafi ban gani ba. Na goge gem ɗin sau biyu, ya dawo. Mi za ni yi?

Injiniya (mai gyaran waya):
Wa alaikumus salam. Anti, kin ba mu tarihin sayen waya kaf, amma ba ki faɗi wane gem ba, ba ki faɗi awa nawa yake yi ba. Ki shiga Settings, ki buɗe Digital Wellbeing, zai nuna miki awannin kowace manhaja rana-rana. Ki duba na kwana bakwai ki rubuta. Gogewa kuwa aikin banza ne: asusunsa yana ɗaure da Facebook ko Google, yana sake saukewa zai tarar da komai yadda ya bari. Kada ki dogara da ƙayyade lokaci na cikin Digital Wellbeing, ba shi da lambar sirri, da taɓawa biyu zai cire. Family Link na Google ne magani. Ki sauke a wayarki, ki haɗa asusunsa da naki, ki sa kullewa daga 10 na dare zuwa 6 na safe, gem awa ɗaya a rana, manhajar gwajin JAMB ki bar ta buɗe. Ki sa sai kin amince kafin ya sauke komai daga Play Store, sannan ki rufe sauke manhaja daga wasu hanyoyi. Nan ne mutane ke mantawa, yaro ya karɓa ta Xender wurin aboki, shi ke nan.

Baban Yara (Gidan Igwai):
Wanga zance duk tsawo na. Ki amshe waya ki ba shi rakani-kashi, kira kaɗai. Da anka yi karatu babu waya ba a ci jarabawa ba? Ku iyayen yanzu ku ka saye ma ɗiya fitina da kuɗinku. Ga shagunan caji ko wane lungu, yaro ya ba da canji a cika mai batir, gida ko da wuta ko babu. Ga data ta dare da anka karya ma farashi, daidai lokacin da manya sunka yi kwana. Babu mai tsawata ma ɗan wani yanzu, shi na matsalar.

Yayar Auta:
Baba, da girmanka, amma amshewa ba za ta yiwu ba. Malamansu a WhatsApp suke tura darasi, kuma da wayar yake karɓa wa Hajiya kuɗin masu sayen kayan miya. Injiniya, na harbe-harbe ne, ina jin yana ta ihu da wasu ta abin kunne. Kuma yaron nan ba lalatacce ba ne, bai taɓa ɗaga min murya ba.

Ɗan Arkilla:
Yaya, in na harbi ne da ihu da abokai, Free Fire ne ko PUBG ko Call of Duty. Ki fahimci yadda aka gina su, in ba haka ba kullum faɗa za ku yi a lokacin da bai dace ba. Free Fire mutum 50 ake zubawa, PUBG 100, wasa ɗaya na PUBG yakan kai kusan rabin awa, kuma ba a dakatar da shi tunda da mutane ake yi kai tsaye. Su huɗu ne a tawaga. In ya fita tsakiyar wasa makin matsayinsa ya ragu, abokai kuma su zage shi. To "bari a gama wannan" ba raini ba ne kaɗai. Ƙugiyar ta gaske ita ce kyautar shiga kullum, ayyukan rana da ke ƙarewa in ba a yi ba, da zangon matsayi da ake sake lissafi bayan 'yan makonni, wanda ya huta a wuce shi. Kuɗin littafin nan ki neme shi a daimon ko UC, wato kuɗin cikin gem da ake saya da kuɗin gaske. Ana juya akwatin sa'a da su don samun kaya ko fentin bindiga, yau a ba ka, gobe a hana ka, wannan rashin tabbas ɗin ne ke sa hannu ya ƙi tsayawa. A 2018 Beljiyam ta ɗauki irin akwatunan nan da ake saya da kuɗi a matsayin caca. Shawarata ki ƙayyade masa da yawan wasa, misali uku bayan la'asar, ba da agogo ba. Wayar da ta kulle kanta yana tsakiyar wasa ita ke sa yaro ya fara neman hanyar karya kulle.

Injiniya:
Ɗan uwa, wa zai zauna yana ƙirga masa wasa uku? Ita da ke wurin aiki? Agogo ba ya jin roƙo, shi ya sa ya fi. Ƙasar Sin ma agogo ta sa: tun 2021 yaran da ba su kai shekara 18 ba awa ɗaya kaɗai suke gem na intanet, 8 zuwa 9 na dare, Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Abu ɗaya ka faɗa daidai, kuɗi. Kulle saye na Play Store ba zai kama daimon da aka saya wurin dillali ta tiransifa ba. Anti, tunda kuɗin Hajiya na bi ta wayarsa, ki fitar da bayanan asusun na wata uku ki duba ƙananan kuɗi masu maimaituwa zuwa suna ɗaya. Sannan ki ɗora wayar a kan tebur, in tana lilo ko murfin baya ya taso, batir ya kumbura. Gem ana caji, a zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, a ƙarƙashin matashi don kada a ga haske, haka ake kashe batir, kuma yana iya kamawa da wuta.

Ɗan Arkilla:
Koriya ta Kudu ta yi dokar rufe wa yara gem da tsakar dare a 2011, ta soke ta a 2021. Agogo ba shi ne komai ba.

Injiniya:
Nan ba Koriya ba ce. Ta yi abin da na ce.

Malama (ma'aikaciyar lafiya):
'Yar uwa, duk kun tafi kan waya kun bar yaron. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtukanta na ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022. Alamomi uku ne: ya kasa tsayawa ko da yana so, ya fifita gem kan sauran harkokinsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarna. Galibi sai abin ya kai wata 12 kuma ya taɓa karatu ko zaman gida sosai. Yawan awa kaɗai ba ya nuna cuta. Ki fara da barci, yaro mai shekarunsa yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Waya ta kwana ɗakin Hajiya, a riƙa sa shi kwanciya da wuri, ana matso da lokacin da rabin awa duk kwana biyu, kada ya yi dogon barcin rana. Kwanakin farko za ki ga fushi da ƙunci, kada ki janye. Tambayata: yaushe aka yi rasuwar, kuma yaushe abin ya tsananta? Wani yaron baƙin ciki yake ɓoyewa a cikin gem. In ya daina cin abinci, ya rufe kansa a ɗaki ko yana maganar gajiya da rayuwa, ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko asibitin koyarwa na jami'ar Ɗanfodiyo. Abin haushi, mutanenmu da sun ji Kware sai su ce an kira ɗansu mahaukaci, a zauna sai abu ya lalace.

Yayar Auta:
Malama na gode, amma abin bai kai asibiti ba, kuma in kawu ya ji na kai shi Kware na shiga uku. Ɗakin Hajiya ma ba zai yi ba, da ya marairaice za ta miƙa masa, auta ne. Injiniya, ba za a iya sa Family Link ɗin ba tare da ya sani ba? Ba na son ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Injiniya:
Ba ya yiwuwa. Ya wuce 13, sai an shiga asusunsa da kalmar sirrinsa an amince a wayarsa, kuma zai ga alamar ana kula da ita. Kin duba awannin da na ce?

Yayar Auta:
Ban duba ba, ya sa mata kulle na yatsa. Kuma na manta ban faɗa ba, ranar da wayar ta yi kwana uku wurin gyara, gidan gem na bayan layinmu ya koma yana buga ƙwallo a PlayStation har sha ɗaya na dare. Shi ma akwai yadda ake kulle shi?

Baban Yara:
To kun ji.